SHARHI: "Gidansu akwai hauka": Me binciken ƙwayoyin gado ya ce kan hukuncin da ke rusa aure daga Sassumbrum zuwa Kano?

A watan Mayun 2024 Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu kan dokar da ta wajabta wa masu shirin aure yin gwajin jini kafin a ɗaura. Dokar ta shafi jinotaif, wato gwajin da ke nuna ko mutum yana ɗauke da sikila, da ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere. Dokar ta Kano ce, amma maganarta ba ta tsaya a Kano ba. Garuruwan kudancin jihar Damagaram irin su Sassumbrum da Magarya da Dungas suna kan iyaka ne, kasuwarsu da auratayyarsu da neman maganinsu duk a haɗe suke da Jigawa da Katsina da Kano. Saurayin da ke ci-rani a Kano ya riga ya san AA da AS da SS kafin ya koma gida neman aure.

Wannan ci gaba ne. Sai dai ya ƙara wa wata tsohuwar fahimta ƙarfi. Tun kafin a san ɗakin gwaji, iyaye a ƙasar Hausa kan yi bincike kafin su ba da 'ya ko su karɓo ta, kuma cikin tambayoyin da ba a tsallakewa akwai wannan: "Akwai hauka a danginsu?" Idan aka ce wani kawu ya taɓa fita tsirara, ko wata gwaggo ta ruɗe bayan haihuwa, sau da yawa magana ta mutu ke nan. Yanzu da aka ga sikila tana bin jini da lissafi tsaf, mutane da dama suna ɗauka cewa taɓin hankali ma haka yake, gwajinsa ne kawai bai iso ba.

Binciken shekaru 15 da suka wuce ya nuna cewa gado yana da hannu sosai a cutar. Ya kuma nuna cewa yadda take bin jini ya sha bamban da na sikila, har hukuncin da ake yanke wa gida guda saboda mutum ɗaya ba shi da madafa a lissafi.

Wace cuta ake nufi?

Kalmar "hauka" tana haɗa abubuwa da yawa a buhu ɗaya. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ko mai sanƙarau, ko mai taifot da ya tsananta, duk suna iya yin sambatu, kuma da an magance cutar sai hankali ya dawo. Farfaɗiya ma cuta ce daban. Abin da likitoci ke nufi da taɓin hankali mai raba mutum da zahiri shi ne yanayin da mutum ke jin muryoyin da babu mai su, ko ya yi imani ƙwarai da abin da ba haka yake ba, kamar a ce ana bin sa za a kashe shi, ko tunaninsa da zancensa su wargaje. Mafi shahara a cikin irin waɗannan cututtuka ita ce sikizofireniya. Akwai kuma baifola, mai kai mutum ƙololuwar kuzari da rashin barci sannan ta jefa shi cikin baƙin ciki mai tsanani, da kuma ruɗewar bayan haihuwa da ke samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000 da suka haihu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa sikizofireniya tana damun kusan mutum miliyan 24 a duniya, wato 1 cikin 300. Yawanci tana fara bayyana daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa shekaru ashirin da ɗoriya, kuma ta fi saurin bayyana ga maza. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram ce mafi yawan jama'a a Nijar, da mutum sama da miliyan 3.5, gundumar Magarya kaɗai tana da sama da rabin miliyan. Ko da an rage lissafin saboda kusan rabin 'yan Nijar yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, ana maganar dubban mutane ne a jihar, kuma kowane ɗaya yana da 'yan'uwan da za a yi bincike a kansu ranar neman aure.

Gado gaskiya ne, amma nawa ne nauyinsa?

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga nazarin tagwaye. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya ƙwayoyin gadonsu kusan iri ɗaya ne. Da cutar tana bin jini kamar sikila, duk lokacin da Hassan ya kamu sai Hussaini ya kamu. Wani nazari da aka yi kan rajistar tagwayen ƙasar Denmark, wanda aka wallafa a 2018, ya gano cewa a cikin irin waɗannan tagwaye, idan ɗaya yana da sikizofireniya, ɗayan yana kamuwa ne a kusan kashi 33 cikin 100. Tsofaffin nazarce-nazarce sun kai adadin kusa da rabi. Ko wanne aka ɗauka, rabi ko fiye na waɗanda ke da jini iri ɗaya sak da mara lafiya ba su taɓa kamuwa.

Wannan nazari ya ƙiyasta tasirin gado da kusan kashi 79 cikin 100. Ana yawan yi wa wannan adadi mummunar fahimta. Yana bayani ne kan yadda bambancin ƙwayoyin gado ke bayyana bambancin haɗari tsakanin jama'a baki ɗaya. Ba ya nufin ɗan mara lafiya yana da haɗarin kashi 79. Lissafin da ya shafi gida shi ne wannan: wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ke da cutar, haɗarinsa yana wajen 1 cikin 10 ko ƙasa da haka. Ke nan 9 cikin 10 za su rayu ba tare da ita ba. Idan kawu ne ko gwaggo ko kaka, haɗarin yana sauka zuwa 'yan kashi kaɗan cikin 100. Inda adadin ke tashi sosai shi ne idan uwa da uba duka suna da cutar, wanda wani nazarin Denmark na 2010 ya sa a kusan kashi 27 cikin 100.

Akwai kuma gaskiyar da masu bincike kafin aure ba su cika sani ba: mafi yawan masu sikizofireniya ba su da wani na kusa a dangi mai irinta. Gidan da aka ce "tsaf yake" ma yana iya haifar mai cutar.

Dalilin da ya sa babu AA ko SS na taɓin hankali

Sikila tana zuwa ne daga sauyi a ƙwayar gado guda ɗaya. Shi ya sa lissafinta ke da sauƙi: AS da AS suka yi aure, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4 na haifar SS.

Sikizofireniya ba ta da ƙwaya ɗaya. A 2014 wata gamayyar masana ta duniya ta wallafa a mujallar Nature cewa ta gano wurare 108 a cikin DNA ɗin ɗan Adam da ke da alaƙa da cutar. A 2022 gamayyar ta sake nazari kan marasa lafiya sama da 76,000 da masu lafiya sama da 243,000, adadin wuraren ya tashi zuwa 287. Kowane ɗaya daga cikinsu ɗan ƙaramin nauyi yake ƙarawa, kuma kowane mutum a duniya yana ɗauke da wasu daga ciki. Abin ya yi kama da lodin amalanke. Kowa ya gaji wasu buhuna daga uwa, wasu daga uba. Wani lodinsa kaɗan ne, wani ya yi yawa. Amalanken mai lodi da yawa tana iya isa kasuwa lafiya idan hanya mai kyau ce, tana kuma iya karyewa idan ta faɗa rami. Kuma da yake kowane ɗa rabonsa daban yake ɗiba daga iyayensa, wa da ƙane suna iya tashi da lodi mabambanta.

Akwai wasu sauye-sauye masu nauyi amma ba su da yawa. Wani bincike na 2022 ya gano ƙwayoyi 10 da lalacewarsu ke ninka haɗari sau da dama. Akwai kuma gutsurewar wani yanki na kuromosom na 22, wadda kusan 1 cikin 4 na masu ita kan samu taɓin hankali. Sai dai kaso kaɗan ne na marasa lafiya ke da irin waɗannan, kuma sau da yawa gutsurewar kan faru ne sabuwa a jikin yaron ba tare da iyayensa suna da ita ba.

Saboda haka babu wani gwajin jini a Kano ko Yamai ko Landan da zai ce wa saurayi ko budurwa "za ka haukace" ko "za ki haifi mahaukaci". Duk wanda ya karɓi kuɗinku da wannan alkawari, damfara ce.

Auren zumunci da auren tsofaffi

Auren 'ya'yan wa da ƙane ya zama ruwan dare a karkarar Damagaram kamar sauran ƙasar Hausa da Fulani. Shin yana ƙara haɗari? Wani nazari a Ireland ta Arewa da aka wallafa a 2018, kan mutum sama da 360,000, ya gano cewa 'ya'yan da iyayensu 'ya'yan wa da ƙane ne sun ninka sauran wajen yiwuwar a rubuta musu maganin taɓin hankali. Ninki biyu na ƙaramin adadi har yanzu ƙaramin adadi ne, don haka wannan bai isa a haramta wa kowa auren gida ba. Amma inda cutar ta maimaitu a zuriya ɗaya, kuma ango da amarya duk daga zuriyar suke, hikima ita ce a nemi shawarar likita kafin a sa rana.

Abin da ba a cika tambaya a bincike ba shi ne shekarun ango. Wani nazari da aka yi a birnin Ƙudus, aka wallafa a 2001, ya nuna cewa 'ya'yan da aka haifa wa maza masu shekara 50 zuwa sama suna da haɗarin da ya kusa ninka sau uku na 'ya'yan maza 'yan ƙasa da 25. Ɗaya daga cikin bayanan da masana ke bayarwa shi ne sabbin sauye-sauyen da ke taruwa a maniyyi yayin da namiji ke tsufa. Iyayen da za su hana saurayi 'yarsu saboda kawunsa, amma su miƙa ta ga dattijo mai shekara 60 ba tare da wata tambaya ba, lissafinsu bai bi kimiyya ba.

Ramukan da ke kan hanya

A nan ne maganar ta fi shafar Sassumbrum da maƙwabtanta. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu, daga 1944 zuwa 1945, yunwa mai tsanani ta afka wa yammacin ƙasar Holan. Da masana suka bi diddigin yaran da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar, sai suka tarar haɗarin sikizofireniya a cikinsu ya ninka biyu. A 2005 wani nazari kan yunwar ƙasar Sin ta 1959 zuwa 1961, a yankin Wuhu na lardin Anhui, ya samu sakamako kusan iri ɗaya.

A wannan shekarar ta 2005 ne Nijar ta shiga matsananciyar ƙarancin abinci bayan fari da farin ɗango na 2004, kuma Damagaram da Maraɗi na cikin inda abin ya fi muni. Tun lokacin ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki a Magarya kan tamowa da zazzaɓin cizon sauro na yara. An sake shiga wani ƙarancin a 2010. Yaran da aka yi cikinsu a 2005 yanzu suna wajen shekara 20, daidai lokacin da cutar ke fara nuna kanta. Mafi yawansu ƙalau suke kuma ƙalau za su ci gaba da zama. Amma darasin Holan da Sin ya isa ya sa hukumomin lafiya na jihar su buɗe ido, su kuma ɗauki abincin mai ciki a matsayin rigakafin ƙwaƙwalwa. Haka ma doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, wadda ita ma bincike ya danganta ta da ƙarin haɗari.

Rami na biyu matasa ne ke haƙa shi da hannunsu. Wani nazari da aka wallafa a 2019, wanda ya shafi wurare 11 a Turai da Brazil, ya gano cewa masu shan wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin taɓin hankali, masu shan mai ƙarfi kullum kuma kusan sau biyar. Saurayin da ya san akwai cutar a gidansu, babu abin da ya fi ƙarfin ikonsa wajen kare kansa kamar nisantar wiwi da sauran kayan maye.

Rami na uku ya shafi 'yan ci-rani na nesa. Wani babban nazari a Ingila da aka wallafa a 2006 ya gano cewa baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka da ke can ana samun su da sikizofireniya kusan sau shida fiye da Turawan ƙasar. Amma da aka auna sabbin masu kamuwa da taɓin hankali a Ibadan da Trinidad da wani yanki na kudancin Indiya, a binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranci ɓangarensa na Najeriya, Ibadan ce ta fi ƙaranci. Da jinin Afirka ne matsalar, da ba a ga haka ba. Masana sun fi karkata ga kaɗaici da wariya da fargabar rashin takardu da rabuwa da dangi, har da yiwuwar kuskuren likitocin da ba su san al'adar mara lafiya ba.

Binciken da bai iso Yammacin Afirka ba

Wani nazari na 2019 ya nuna cewa kusan kashi 79 cikin 100 na mutanen da aka yi irin wannan binciken ƙwayoyin gado a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali ba su wuce kashi 16 na mutanen duniya ba. Sakamakon haka, ma'aunin haɗari da ake haɗawa daga DNA yana rasa mafi yawan ingancinsa idan aka gwada shi kan ɗan Afirka, duk da cewa Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambancin ƙwayoyin gado. An fara cike giɓin. A 2020 an wallafa nazari kan 'yan ƙabilar Xhosa na Afirka ta Kudu, marasa lafiya kusan 900 da masu lafiya kusan 900. Shirin NeuroGAP kuma ya tattara samfurin dubban mutane a Habasha da Kenya da Yuganda da Afirka ta Kudu. Babu ƙasar Yammacin Afirka a cikin huɗun.

Wannan giɓi yana da tasiri a kan magani. Mafi yawan mutanen Yammacin Afirka suna da wani nau'in jini da ke kare su daga wani jinsin zazzaɓin cizon sauro, wanda kuma ke sa adadin wasu fararen ƙwayoyin jininsu ya zama ƙasa ba tare da wata cuta ba. Maganin kulozafin, wanda ake komawa gare shi idan sauran sun gaza, yana buƙatar a riƙa auna waɗannan ƙwayoyi. Da yake an gina ma'aunin kan jinin Turawa, an daɗe ana hana baƙaƙen fata maganin ko a tsayar musu da shi ba gaira ba dalili, har sai da Amurka ta gyara ma'auninta a 2015. Haka kuma sinadarin hanta da ke narkar da magunguna irin su halofiridol da risfiridon yana da nau'o'i masu jinkirin aiki da suka fi yawa a Afirka, abin da kan sa awon da ya dace da wani ya yi wa wani yawa, jiki ya sandare ko ya riƙa rawa. Iyali da suka ga haka sukan ce maganin asibiti ya ƙara masa ciwo su daina, alhali gyaran awo kawai ake buƙata.

Jami'ar André Salifou ta Damagaram tana da tsangayar kimiyyar lafiya, kuma Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar tun 2025. Akwai damar a yi irin wannan bincike a gida, da bayani cikin harshen da mutane ke ji. Amma sai an yi shi da amana. Mutanen wannan yanki ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Duk mai son ɗibar jini ko yawun Bahaushe dole ya faɗi inda za a kai shi, da wanda zai mallake shi, da abin da zai dawo wa jama'a.

Abin da tsoron gado ke jawowa

Babbar ɓarnar kalmar "gidansu akwai hauka" ita ce ɓoyewa. Uwar da ke da 'yan mata uku a gabanta ta san cewa idan aka ga ɗanta a layin likitan ƙwaƙwalwa, aurensu na iya tsayawa. Sai a kulle shi a ɗaki, ko a kai shi wani gari da sunan karatu ko magani, wani lokaci har da mari a ƙafa. A watannin Satumba da Oktoban 2019 'yan sandan Najeriya sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura. Bincike ya sha nuna cewa gwargwadon daɗewar da mara lafiya ya yi ba magani, gwargwadon wahalar farfaɗowarsa.

Neman maganin ma ba sauƙi ba ne. Daga ƙauyukan Sassumbrum, ko dai a nufi babban asibitin ƙasa na Damagaram, ko a tsallaka iyaka zuwa asibitin Kazaure ko na Dawanau a Kano. Rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya nuna haɗarin dogaro da hanyar da siyasa ke iya toshewa, ga cutar da maganinta ba ya son yankewa. Mafita ita ce a kawo kulawar kusa: a horar da ma'aikatan cibiyoyin lafiya na karkara bisa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun 2008, a kuma tabbatar magungunan suna nan. Ba sai an yi faɗa da malamai da masu maganin gargajiya ba. Wani gwaji a Ibadan da Kumasi, da aka wallafa a mujallar Lancet a 2020, ya nuna cewa inda ma'aikatan lafiya suka haɗa hannu da su, marasa lafiya sun fi samun sauƙi. Tun a 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara kula da marasa lafiya a ƙauyukan Aro na Abeokuta tare da danginsu a kusa.

Bincike kafin aure haƙƙin iyaye ne, ɓoye ciwon da ake da shi kuma yaudara ce. Amma amsar da aka samu a yi aiki da ita yadda ya kamata. Idan an ce akwai cutar a dangi, ma'anarta a guji kayan maye, a kula da mai ciki, a sa ido a makonnin farko bayan haihuwa, a kuma garzaya asibiti da zarar an ga rashin barci na kwanaki da janye jiki daga mutane da yawan zargi. 'Yan'uwa da ke Kano ko Legas ko Libiya ko Turai masu aiko da kuɗi su ware kason magani na kowane wata, su riƙa tambaya ko ana sha. Iyayen da ke shirin mayar da kayan sa rana saboda wani kawu kuma, su fara zama da likita su ji ainihin lissafin kafin su yanke hukunci.